Abin da Hedifon Ya Koya Mini Kafin Na Bar Situdiyo

Na ajiye aiki a situdiyon da nake tace sauti a Kano, kuma har yanzu rigimar hedifon ce ta fi tsaya mini a rai. Ɗakinmu yana amsa kuwwa, saboda haka kusan kowace waƙa da hedifon Beyerdynamic DT 990 Pro ake haɗa ta. Wannan hedifon yana ɗaga siririn amo sosai a wajen kilohaz 8 (kilohaz ma'aunin kaifin amo ne), sai mai aiki ya ji harafin “s” na mawaƙiya yana sukar kunne, ya rage abin da babu shi a cikin waƙar. Idan aka kunna ta a mota ko a Adaidaita Sahu, sai muryar ta dushe kamar an lulluɓe ta da bargo.

Na yi wa oga bayani cikin ladabi cewa Equalizer APO, manhajar daidaita amo, kyauta ce a Windows, kuma AutoEq, rumbun awon hedifon da ke intanet, tana da awon wannan hedifon, wanda za a bi a karkata amonsa zuwa ma'aunin amon hedifon na kamfanin Harman, wanda masanin sauti Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar bayan gwaji da masu sauraro. Ya ce kunnensa ya girme ni, balle wata manhaja. Ranar da wani mawaƙi ya dawo da aikinsa yana ƙorafi, a gaban jama'a oga ya ɗora mini laifin, alhali da hannunsa ya datse saman muryar. Na haɗiye, na saka manhajar a kwamfutar da nake aiki, ƙorafi ya ragu, kuma daga baya shi ne yake nuna wa baƙi ita a matsayin dabararsa.

Sauran darussan gajeru ne. Duk wanda ya ɗaga wani sashen amo a manhajar da desibel 5 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), ya sauke ƙarfin shigar sauti da aƙalla desibel 5, in ba haka ba amo zai fashe. Soson kunne idan ya tsufa yana sauya amo, haka ma sandar tabarau tana zubar da bes, wato amo mai kauri, a rufaffen hedifon. Sama da kilohaz 10 awo ba abin dogaro ba ne, can kunnen mutum ne alƙali. Mai amfani da SoundID Reference, wata manhajar gyaran amon hedifon, a cikin manhajar haɗa waƙa kuwa ya kashe ta kafin fitar da aiki, domin gyaran na hedifon ne kawai.

Saitin yana nan a kwamfutar, na bar wa yaron da ya gaje ni, tare da takardar da ke ɗauke da lambobin.