Abin da gyaran intanet na gida da buɗe kwamfuta suka koya min

Yawancin kiran da ake mana a shago magana ɗaya ce, "intanet ba ya yi", shi kenan bayanin. Toh amma intanet ɗin nan kafin ya iso wayarka ai ya ratso wurare da yawa, daga soket ɗin bango zuwa adafta zuwa rauta, wato akwatin nan da ke raba waifai a gida, daga rauta zuwa eriyar kamfani, daga can har igiyoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku, kuma kowanne a cikinsu zai iya zama shi ne ya tsaya. Abu na farko da oga ya dasa min a kai tun ina sabon shiga shi ne ka fara daga kusa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma kar ka taɓa abu biyu lokaci guda, don in ka canza kebul ka canza fasuwod ka kashe ka kunna duk a tare, ko ya gyaru ba ka san me ya gyara shi ba, gobe ya dawo kana nan inda kake.

Wuta ake fara dubawa, kuma wlh adafta tana cin mutane fiye da yadda ake zato. Yawancin rautocin gida bolt 12 suke sha, cajar laftof kuma sau da yawa bolt 19 ce, bakinsu kan zo ɗaya, sai yaro ya ga ta shiga ya jona, rauta ta ƙone. Akwai kuma adaftar da ta gaji saboda ɗauke wuta da kawowa da juyawa zuwa janareta, fitilun rauta za su kama lafiya amma da an hau mutum uku huɗu sai ta mutu ta sake tashi da kanta. Lambobin suna rubuce a ƙasan rauta da jikin adafta, karantawa kawai ake.

Sai abin da ya fi rikita mutane: ganin sandunan waifai a cike ba ya nufin akwai intanet. Sandunan nan suna gaya maka ne tsakaninka da rauta lafiya, ba su san komai ba game da abin da ke bayanta. Shi ya sa nake fara cewa a gwada da wata wayar. In ɗaya tana yi ɗaya ba ta yi, matsalar na'urar ce, in duk sun tsaya sai mu koma kan rauta, kuma kafin komai a duba ko data ce ta ƙare, ba abin kunya ba ne, yana faruwa kullum. Don Allah kar a yi saurin soka allura a ramin reset ɗin nan na bayan rauta, yana goge sunan waifai da fasuwod da saitin da kamfani ya saka, ka ƙara wa kanka aiki a banza. Cire wuta na ɗan lokaci a mayar ya isa a matsayin gwajin farko.

Wurin da na fi jin daɗin aikin shi ne gaban baƙin allon nan na Windows da ake rubuta umarni a ciki, wato Command Prompt. Ka rubuta ipconfig, in ka ga adireshin kwamfutar ya fara da 192.168 toh rauta ta ba ta lamba, in kuwa ka ga 169.254 ma'anarsa ta nemi lamba ba wanda ya amsa mata sai ta ƙirƙiro wa kanta, kenan maganar tsakaninta da rauta ce, kebul ko saiti, kar ma ka ɓata lokaci kana kiran kamfani. Daga nan sai ping, umarnin da ke aika ɗan saƙo zuwa wani adireshi ya ga ko zai amsa. Ka fara da adireshin rautar kanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei da yawa 192.168.8.1 ne. Ta amsa, sai ka tura zuwa 8.8.8.8 na Google. In wannan ya amsa amma ka rubuta sunan shafi ya ƙi buɗewa, toh intanet na nan, DNS ne ya kwanta, wato abin da ke juya suna zuwa lamba, sai ka canza shi zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Layi uku kawai ka rubuta amma ka raba matsalar gida uku ka san inda take, gaskiya ranar da na gane wannan ji na yi aikin ya sauya min gaba ɗaya.

Wani lokacin kuma ba a gidanka abin yake ba sam. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da makwabta duk suka ji a jikinsu, har bankuna. Irin wannan ranar tambayar makwabci ta fi kwance rauta amfani.

Batun inda ake ajiye rauta ma, ana cusa ta bayan talabijin ko cikin durowar ƙarfe don kar yara su taɓa, alhali bulo da ƙarfe suna shanye siginal. A ɗaga ta sama a tsakiyar gida. In rautarka na da layin waifai biyu, na 2.4 ya fi ratsa bango, na 5 ya fi gudu amma ba ya nisa. Kebul ɗin da ke haɗa rauta da kwamfuta kuma kar ya wuce mita 100, kuma wayoyi 8 ne a ciki, in ɗaya ta tsinke zai iya ci gaba da aiki amma gudun ya faɗo daga megabit 1000 zuwa 100 a sakan ba ka sani ba.

Akwai wata matsalar da ke kai mu ga buɗe kwamfuta dole. Tsohuwar kwamfuta ta ƙi buɗe shafuka tana cewa ba tsaro, ka duba agogonta ka ga ta koma shekarun baya, ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo a kan madabod, wato babban faifan cikin kwamfuta da komai ke jone a kansa, sunan batirin CR2032, ya mutu, kwanan wata ya rikice shafuka suka daina yarda da ita.

Toh a nan ne nake so masu koyo su saurare ni da kyau, don rauta in ta lalace a sayi wata, hannu da ido ba a sayarwa. Kashe kwamfuta bai isa ba, a zare wayarta daga bango, a danna makunnin a riƙe na ɗan lokaci sauran wutar ta fita, laftof kuma a cire batir ko a zare jonin sa kafin a taɓa komai. Fawa fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, ba a buɗe shi, ko an cire shi daga wuta kafasitocin ciki suna iya riƙe wutar da za ta yi wa mutum illa sosai, in ya mutu canza shi ake. Haka tsoffin talabijin da monita masu ƙeya.

Sannan wutar jikinmu. Kowa ya san tartsatsin nan da ake ji da hunturu in an cire rigar sanyi ko an taɓa ƙofar mota, busasshiyar iska ce ke tara shi. Mutum ba ya jin sa sai ya kai dubban bolt, amma ƙasa da haka nesa ba kusa ba ya isa ya lalata ram, wato ɗan faifan ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko madabod, kuma abin takaicin ba lallai ta mutu nan take ba, sai bayan makonni ta fara daskarewa mai ita yana zargin bairos. Don haka ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu, in akwai abin ɗaurawa a wuyan hannu ka ɗaura, kar ka yi aiki a kan kafet ko katifa, ram a riƙe shi ta gefe ban da haƙoran zinaren. Yana da ɗan tsagi da ke nuna yadda zai zauna, in ya ƙi shiga juya shi za ka yi, ba ƙarfi za ka ƙara ba. Ƙura kuma in za ka hure ta da bulowa ka tare fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa da gudun da ya fi ƙarfinta.

Batirin laftof da ya kumbura har ya ɗago madannai, wannan ba na wasa da shi ko kaɗan. Ba a danna shi, ba a huda shi, ba a ci gaba da caji, ba a bar shi cikin mota a ranar Afrilu, don yana iya kamawa da wuta. Da damina kuma in hadari ya haɗo ana walƙiya, ba soket kaɗai za a zare ba, har da kebul ɗin da ya shigo daga eriyar waje ko daga gidan makwabci, don tsawa tana bin sa ta ƙone rauta ta wuce kan kwamfutar da ke jone da ita.