Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kalangun da bai yi magana ba

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda na sayar da babur ɗina na biya kuɗin situdiyo a Zoo Road, toh yau daga nan zan ɗora.

2016 ne, shekara ɗaya da rasuwar Ɗan Maraya Jos, kuma wallahi rasuwar nan ta tsaya min a rai, don da kuntiginsa na tashi, shi da kalangun Shata, a tsohuwar rediyon Baba. Kowa a lokacin fiyano yake bi da muryar da inji ya gyara, ni kuwa so nake in dawo da wancan kiɗan cikin waƙar zamani, ba kamfani ba ubangida, daga ni sai yaron da ke haɗa min kiɗa. Ya buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, ya jawo wani sautin kalangu da aka taɓa ɗauka ya jera shi a kwamfuta, ya ɗora ganga ta zamani a ƙasa, na samo yara uku suka yi min amshi. Kwana huɗu muka gama, muka kai wa masu tura waƙa a waya.

Sai masu sharhi suka taso. Wani mai gabatar da shiri a rediyo ya sa rabinta ya katse yace kwaikwayo ne, kayan aro ba ya rufe katara, a bar Shata ya huta. Wani kuma ya rubuta dogon yabo wai na farfaɗo da al'ada. Na farkon ya hana ni barci, amma na biyun ma bai min daɗi ba, don a duk rubutun babu inda ya taɓa baiti ɗaya ko kari, da ya ji kalangu shikenan ya yanke hukunci, kamar yadda wancan ya ji kalangu ya yanke nasa. Tsohon kayan kawai suka gani su duka, ba wanda ya tambayi me na yi da shi.

Ranar Juma'a na ɗauki wayar na tafi wajen Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shekara fiye da talatin yana yi wa mahauta kiɗa. Ya saurara sau biyu idonsa a rufe, sannan yace "Ɗana, muryarka ta zauna, amshin ma ba laifi, amma wannan kalangun naka bebe ne."

Nace Kawu kamar yaya? Bai amsa ba, ya shiga ɗaki ya fito da nasa, fatar duk ta yi duhu saboda hannu, ya saƙale shi a hammata. Ya matse igiyoyin sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, a haka a haka sai da na ji sunana ƙarara a bakin kalangun nan, har da kirarin kakanmu da rabona da ji tun ina yaro. Tsigar jikina ta tashi. Namu na kwamfuta bugu ɗaya ne ake ta maimaitawa, ba hammatar da ke matse shi.

Nace Kawu za ka bi ni situdiyo? Ya daɗe yana kallon wayar, sannan yace in zo ranar Litinin bayan la'asar, amma in gaya wa yaron kwamfutar shi ba a ƙirga masa bugu.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.