Sensan Alhaji lafiyarsa ƙalau

Talata da dare. An kawo wuta tun bayan isha'i, fanka na juyawa, Maman Auta ta yi dambu wanda ya ji zogale da mai, ya kamata a ce yanzu ina kwance ina jin daɗin duniya amma ga ni zaune a falo da ɗan ƙaramin sensan mota a hannu ina ta jujjuya shi sai ka ce carbi. Bari dai in rubuta ko Allah zai sa in samu barci.

Safiya kam lafiya lau. Ruwan jiya ya wanke gari, na samu shayin Baba da zafinsa tun kafin 'yan Adaidaita su cika benci. Aikin farko wata Golf ce hon ya ƙi kuka, fiyus ne kawai, ko kuɗi ban karɓa ba.

Wajen ƙarfe 11 Alhajin Kwari ya shigo da Camry ɗinsa fensir, kun san ta ai, 'yar 1999 ɗin nan mai ruwan toka da ya rantse ba zai sayar ba sai dai a gaje ta. Ya ce allurar maleji ta kwanta a sifili ko motsi ba ta yi, cek injin ta kama, giya kuma tana shiga da fisga kamar ana dukan motar ta baya, gashi jibi yana son zuwa Kaduna. Sai ya ƙara wata magana wadda wlh da na tsaya na saurare ta da duk wannan surutun bai taso ba, ya ce ai ta kai sati biyu tana masa wasa, in ya faɗa rami sai allurar ta zabura ta yi rawa ta koma ta kwanta, jiya ne da ya ratsa ruwan da ya taru a layinsu ta mutu murus. Na ji fa, da kunnena na ji, amma hankalina na kan sabuwar sikanata, na'urar nan da ke karanto matsala daga kwamfutar mota, da nake ta ɗoki in nuna.

Na durƙusa na jona ta a soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da shi. Nan take ta kawo lambar matsala P0500. Na juya wa Alhaji fuskar sikanar ya gani, duk da na san ba abin da zai fahimta, na ce ranka ya daɗe sensan gudu ne.

To ni da bakina nake koya wa yara cewa P0500 bai taɓa cewa sensa ya mutu ba. Kwamfutar mota cewa kawai take saƙon gudu ba ya iso mini. Kamar ka kwana uku ba ka ji daga ƙaninka da ke Legas ba ne, zai iya zama ba shi da lafiya, zai iya zama cajinsa ne ya ƙare, zai iya zama netwok. A irin wannan Camry sensan yana saman giyabos, wani ɗan haƙori ne daga ciki yake juya shi, wayoyinsa uku, ɗaya ta kawo masa wuta bolt 12 in an murɗa makulli, ɗaya nagetif, ta ukun ita ke ɗaukar saƙo. Duk juyi ɗaya yana bugawa sau 4, kuma saƙon ba kai tsaye yake tafiya kwamfuta ba, sai ya fara biyawa ta dashbod ya ɗaga allura tukunna ya wuce. Shi ya sa in allura na aiki amma lambar ta fito, ka nemi matsalarka tsakanin dashbod da kwamfuta, in kuwa allurar ta mutu kamar ta Alhaji to daga dashbod ne zuwa ƙasa, ko sensan, ko wayoyinsa, ko dashbod ɗin kansa. Abu uku ke nan, ni kuma na zaɓi ɗaya na yanke masa hukunci tun ban buɗe bonet ba.

Don dai kar a ce ban gwada ba na zare soket ɗin sensan, na sa yarona Dogo ya murɗa makulli, na ɗora jar wayar mitar auna wuta a bakin da wuta ke zuwa, baƙar kuma na dangwala ta a jikin inji. 12 da ɗigo. Na ce shi kenan wuta na zuwa, sensa ne, a je kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo wani.

A nan ne Dogo ya matso kusa da ni, a hankali fa ya yi maganar, ba don Alhaji ya ji ba, ya ce "Oga, baƙar a bodi ka sa ta, ba mu duba nagetif ɗin soket ɗin ba."

Alhaji ya ji. Ya ɗago kai daga wayarsa ya dube ni ya dubi yaron, kuma wannan kallon ne ya hau mini kai. Na ce kai Dogo yaushe ka zo garejin nan, shekara nawa ka yi kana riƙe mita, ni za ka koya wa aiki a gaban mutane? Har da cewa in ya ƙware ya je ya buɗe nasa wajen mana, wa ya riƙe shi. Yaran duk suka yi tsit, Gajere ya sunkuyar da kai yana goge sifana da ba ta da datti. Dogo ya ce yi haƙuri Oga, ya karɓi kuɗin da tsohon sensan don samfur ya tafi ya tari Adaidaita.

Ya fi awa ɗaya kafin ya dawo saboda cunkoso. Ɗan Beljiyam ya samo, mai kyau, mai kayan bai cuce mu ba ko kaɗan. Na ɗaura na ɗaure, na goge lambar, muka fita da Alhaji a gefena muka miƙe titin Sharaɗa. Jama'a allurar nan ko gezau. Ina taka mota tana gudu ita tana kwance abinta a sifili, giya ta sake fisgar mu, kafin mu juyo cek injin ta dawo. Alhaji bai ce komai ba sai "to fa", ni kuwa gumi har cikin singileti duk da iskar da ake yi. Allah ya taimake ni aka kira azahar, ya ce zai yi salla ya leƙa shago ya dawo da la'asar.

Yana fita na koma kan abin da ya kamata in fara da shi tun safe. Fiyus lafiya, dama da shi ne da sauran allurai ma sun kwanta. Na zare soket, wannan karon ja da baƙa duka a bakin soket ɗin na sa su, sai ga mita tana nuna 11 da wani abu, tana rawa, da na girgiza wayar da yatsa sai ta faɗo ƙasa ta sake hawa. Na ɗauko fitilar gwaji, tsohuwar nan mai ƙwan mota da na jefa ƙasan akwati tun da na sayi sikana. Tsakanin wayar wuta da bodi ta kama tar. Tsakanin wayar wuta da nagetif ɗin soket ko ja ba ta yi ba. Dama ita mita ba ta jan wutar kirki, ko silin gashi ɗaya ya rage a waya za ta nuna maka lamba mai kyau ka yi ta murna, ƙwan fitila ne yake neman abinci sosai, in hanya ta lalace ba zai rufa mata asiri ba.

Na fere rigar wayar kamar tsawon ɗan yatsa daga soket, sai ga kore shar kamar garin kuka, tagullar duk ta cinye ta zama gari, sili ɗaya ne ko biyu suke riƙe da ita. Rigar ta tsage tun tuni saboda zafin inji da tsufa, ruwa na shiga yana kwana a ciki. Rawar da allura ke yi a rami ke nan, wayar na taɓawa tana saki. Alhaji ya faɗa mini cutar da bakinsa tun da safe.

Na yanke har inda tagulla ta fito ja, na yi ƙari da sabuwar waya na kama da dalma na naɗe. Muka ɗaga tayar gaba ɗaya da jak, giya a firi, makulli a buɗe, na soka allura ta bayan soket a wayar saƙo na ce Dogo juya taya a hankali. Mita ta fara, sifili, kusan 12, sifili, kusan 12. Ina kallon mita yana kallon taya, ba wanda ya kalli wani. Muka fita gwaji ni da shi, allura ta tashi 20, 40, 60, giya na shiga sumul ko ji ba ka yi. Har muka je muka dawo bai ce uffan ba, ni ma rediyo na kunna.

Da Alhaji ya dawo ya tambaya me ya faru, sai na ji bakina yana cewa ai abin biyu ne ranka ya daɗe, sensan ya mutu kuma wayar ma ta ruɓe. Ya ce Allah ya yi albarka, shi ya sa ba ya kai motarsa ko'ina sai nan, ya biya har da ƙari na yara. Dogo na tsaye a bayansa yana naɗe wayar mita.

Bayan ya tafi ina wanke hannu da fetur yaron ya zo da tsohon sensan a tafin hannunsa ya ce "Oga, wannan in jefar ko in ajiye?" Wlh na kasa gane ko tambaya ce tsakani da Allah ko magana ce ya faɗa mini. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na ce kawo nan, na sa a aljihu.

Da kowa ya watse na jona shi da batir a kan benci, wuta da nagetif, mita a bakin saƙo, na juya ɗan haƙorin da yatsa. Sau 4 cif a juyi ɗaya. Na sake, sau 4. Lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya ma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuɗin ba ne, kuɗi ana mayarwa, mai kayan ma zai iya karɓar nasa in an rage wani abu. Marigayi maigidana na Fagge nake ta tunawa, ranar da na ce masa ba altaneta ba ce kan batir ne ya yi gishiri, a gaban mai mota, ya ɗauke ni da mari, daga baya ya tura ni sayen abinci ya kankare kan batir ɗin da kansa. Bai taɓa tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa ya koya mini sana'ar da nake ci da ita, amma ga shi shekara nawa ban manta ba, har kalar motar ina tunawa. Kuma a ranar na yi wa kaina alkawari in na zama oga ba zan yi wa yaro haka ba. Ni ban mari Dogo ba, to amma ban san ko nawa ya fi sauƙi ba.

Maman Auta ta leƙo ta ce wai me ke cikin wannan ƙarfen da na fi kallonsa a kan abincinta. Na ba ta labari a taƙaice, ta ce to ka kira Alhajin mana, shi kuma yaron ka ce masa ya yi gaskiya, sai ka ce wani aiki, ta kwashe kwanuka ta wuce. Su komai a wajensu sauƙi ne.

Na ɗauko lambar Alhaji sau biyu na ajiye, na ce dare ya yi. Gobe dama zai aiko direba a duba masa fitilar baya kafin tafiyar Kaduna. Shi kuma Dogo ƙarfe 8 yake buɗe gareji, kullum yana riga kowa, in na fita da wuri zan same shi shi kaɗai kafin su Gajere su zo. Na sa sensan cikin aljihun rigar aiki don kar in ce na manta.

Gashi sun ɗauke wutar.