Kafin a zana teku a allo: koyar da zagayen ruwa a firamare

Hoto ɗaya ne yawancin littattafan kimiyya na firamare ke nunawa idan an zo batun zagayen ruwa: teku a gefe, dutse mai tsawo a ɗaya gefen, rana a sama, sai kibiyoyi suna bin juna. Malami ya kwafa a allo, yara su kwafa a littafi, a haddace, ranar jarrabawa a mayar wa malami kayansa. Amma a tambayi yaron da ya cinye makin ina ruwan rigarsa ya tafi bayan an yi shanya, zai ce rana ta shanye. A wajensa ruwan ya ƙare ke nan. Muddin yaro yana ganin ruwa na iya ƙarewa haka, babu wani zagaye a kansa, komai kyan zanen da ya yi.

Don haka abin da za a fara tabbatar wa ɗan aji uku ko huɗu shi ne ruwa yana shiga iska ba tare da an gan shi ba, kuma ana iya dawo da shi. Sai wannan ya zauna sannan a ɗauki alli.

A samo farantan ƙarfe uku iri ɗaya. A zuba babban cokali ɗaya na ruwa a kowanne, kimanin mililita 15, a karkata farantin ruwan ya bazu. Ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, na ukun shi ma a rana amma an rufe shi da farar leda mai nuna ciki, an ɗaure bakin tamau da roba. A wakilta yara biyu su riƙa leƙawa duk bayan minti 10 suna faɗa wa aji abin da suka gani. Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko zuba ruwan a siminti ko a ƙasa: yara za su ce ƙasa ce ta shanye, kuma suna da gaskiya, don wani sashe ya nutse. Na biyu cika ruwa. Rabin kofi ba zai bushe a darasin minti 35 ko 40 ba, a kaɗa ƙararrawa a watse ba a ga komai ba. Cokali guda a farantin da rana ta gasa, a watan Maris ko Afrilu, yakan bushe kafin a tashi darasin.

Farantin da aka rufe shi ne zuciyar gwajin. Ɗigo-ɗigon ruwa za su taru a cikin ledar. Sai malami ya yi tambaya ya yi shiru: "Rana ɗaya ce ta bugi waɗannan biyun. In ita ke shanye ruwa, me ya hana ta shanye wannan?" A bar su su yi gardama. Wani zai ce leda ce ta tare shi. Tare shi daga zuwa ina? Da bakinsu za su ce sama. Na inuwa kuma a bar shi har tashi. Shi ma zai bushe, wanda ke nuna ba sai an tafasa ruwa ko an sa shi a rana yake zama tururi ba. Zafi da iska da bushewar gari gaggauta abin kawai suke yi, shi ya sa shanyar dare ke bushewa da hunturu.

Akwai wani abu da malamai da yawa ke faɗa ba daidai ba. Farin abin nan da ke tashi daga butar shayi ba shi ne ainihin tururin da ake magana ba. Shi wannan ba a ganinsa sam. In aka duba bakin butar da ke tafasa sosai, akwai ɗan fili garau tsakanin bakin da inda farin ya fara. A nan tururin yake. Farin kuwa ya riga ya huce ya koma ƙananan ɗigon ruwa masu shawagi, kuma abin da gajimare yake ke nan. Malami ne kaɗai zai taɓa buta, yara su kalla daga nesa.

Dawo da ruwa daga iska ya fi wuyar karɓuwa. A kawo gorar ruwan sanyi, a goge bayanta da tsumma a gabansu, a ajiye. Bayan 'yan mintoci ta yi gumi. Kusan duk ajin za su ce daga ciki ya fito. Kada a yi musu dariya, domin da randa suka tashi, ita kuwa randa da gaske naso take yi: ruwa na bi ta ƙananan ƙofofin yumɓu ya fito, ya zama tururi, ya tafi da zafin da ke ciki, shi ya sa ruwan randa ke sanyi. Wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yi amfani da ita wajen tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000. To yaya za a nuna musu gora ba randa ba ce? A cika ta da zoɓo mai ƙanƙara. A shafa farar takarda a bayanta. In daga ciki gumin ya fito, da takardar ta yi ja. A ajiye wata gorar zoɓon maras sanyi a gefe, su ga ita ba ta gumi ko kaɗan.

Sai dai wannan gwajin yana da lokacinsa, kuma nan ne yake ba malamai kunya. Da tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, iskar ƙasar Hausa ta bushe ƙamas, danshin da ke cikinta bai isa ya sa gora gumi ba. Sai a yi ta jira a banza. A yi shi a Yuni, Yuli, Satumba ko farkon Oktoba. In dole sai da hunturu, a zuba ruwan ɗumi kaɗan a bokiti, a ɗora gorar a kan bulo a ciki, a rufe na minti 5. Gwajin faranti kuwa akasin haka ne, ranar da gari ya yi lumshi da damina ba ya tafiya da sauri. Mai tsara darussan zango ya duba wannan tun farko.

Yanzu a haɗa biyun a roba ɗaya. A narkar da babban cokali biyu na gishiri, kimanin giram 35, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Gishirin ruwan teku ke nan daidai gwargwado. A bar wasu su ɗanɗana. A zuba a faffaɗar roba, zurfin kada ya wuce santimita 2, a kafa kofin tangaran ko gilashi a tsakiya, a rufe da farar leda, a ɗaure da robar tayar keke, a ɗora ɗan dutse a kan ledar daidai saitin kofin don ta lotsa. A ajiye a rana tun darasin farko, a buɗe dab da tashi. 'Yan cokula za a samu a kofin, ba yawa, amma ba gishiri a ciki. In ba a samu komai ba, ɗaya daga cikin waɗannan ne: kofin roba aka sa ya yi iyo ya kife, ledar ta taɓa bakin kofin, ɗigon ya bi ta baya, ɗaurin ya yi sako-sako tururin ya fice, ko dutsen ya yi ƙanƙanta, ledar ba ta yi gangare ba. Idan ledar ta yi zafi ainun ɗigon ba ya taruwa sosai, sai a ɗora ɗan jiƙaƙƙen tsumma kusa da dutsen. Wannan ne ke amsa tambayar me ya sa ruwan sama ba shi da gishiri alhali yawancinsa daga teku ya taso, tekun da ke riƙe da kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya. Haka kuma ake samun gishirin Bilma: ruwa ya tashi daga ramukan, gishiri ya zauna.

Bishiya ma tana fitar da ruwa. A ɗaure farar leda a reshen darbejiya mai ganye, wata kuma a busasshen kara, a dawo bayan awa biyu ko uku. A kwance ledar ranar, in ta kwana biyu ganyen zai dahu. Ruwan nan ba na sha ba ne.

Daga nan sai sama. Iskar da ta yi zafi tana tashi, tana kuma hucewa yayin da take hawa, kusan digiri 1 a duk mita 100, har ta kai inda tururin zai taru a jikin ƙananan ƙura ya zama gajimare. Yaron da ya ji labarin sanyin Jos, garin da ke kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, ba zai yi mamakin cewa sama ta fi ƙasa sanyi ba. Danshin daminarmu daga Tekun Atlantika iskar kudu maso yamma ke kawo shi, shi ya sa damina ke fara sauka a Legas kafin Kaduna, Kaduna kafin Katsina, kuma ruwan ke raguwa in aka yi arewa: Yamai na samun ɗan sama da milimita 500 a shekara, Agadas ba ta kai 200 ba. A shirya wa yaro mai wayo da zai ce, "Malam, ai hadari daga gabas yake tasowa." Gaskiyarsa. Iska hawa-hawa ce. Ta ƙasa ita ke shigo da danshi daga kudu maso yamma, ta can sama kuma daga gabas take busowa, ita ke tura hadarin da ya haɗu zuwa yamma. A kuma raba musu gajimare da hazon hunturu, wanda ƙura ce daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na Chadi. Maganar bakan gizo na shanye hadari kuwa, fesa ruwa da baki da hantsi, an ba rana baya, ya isa ya nuna musu haske ne ke ratsa ɗigon ruwa.

Wani zai ce Allah ne ke saukar da ruwa. Babu dalilin da malami zai mai da wannan gardama. Aya ta 48 a Suratur Rum ta ambaci iska da ke tayar da girgije, ta 21 a Suratuz Zumar ta ambaci ruwan da ke shiga ƙasa ya zama maɓuɓɓuga. Darasin kimiyya hanyar da abin ke bi yake bayani.

Sashen ƙasa shi littafi ya fi yi wa rowa, alhali shi ya fi kusa da yaran. A yanke gindin gorori biyu, a toshe bakinsu da ƙyalle, a kifa su a kan kofuna. Ɗaya a cika rabinta da yashin jigawa, ɗaya da lakar fadama, a zuba kofi guda na ruwa a kowacce lokaci ɗaya, aji na ƙirga. A murmushe lakar a danna ta sosai, in ba haka ba ruwan zai bi ta gefen gora ya riga na yashi fita, darasin ya juye. Daga nan a tambaye su yaushe igiyar guga ke ƙara tsawo, yaushe take raguwa. Sun sani, su ake aika ɗebo ruwa: ƙarshen damina ruwan rijiya na kusa, da bazara ya yi nisa. Ruwan sama ne da ya nutse. Nan ne kuma wurin faɗa musu dalilin nisanta masai daga rijiya da aƙalla mita 30.

Kibiyar littafi kullum teku take komawa, amma ba duk ruwanmu ke zuwa can ba. Gulbin Maraɗi daga yankin Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya dawo Najeriya ya faɗa kogin Rima. Ruwan ya wuce Sakkwato da Argungu, ya shiga kogin Kwara, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya kai teku. Na Kano da Challawa kuwa gabas ya nufa, ta Wudil da Haɗeja, ya haɗu da kogin Jama'are ya zama Yobe, ya doshi Tafkin Chadi, wanda ba shi da mafita zuwa teku. Da yawansa ma a dausayin Haɗeja da Nguru yake tashi sama ko ya nutse tun bai isa ba. Kowace makaranta ta bi sawun koramar garinta.

Idan zangon ya faɗo cikin damina, a kafa ma'aunin ruwa. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, an yanke murfin gaba ɗaya, a ajiye a fili nesa da indararo da bishiya, a tokare da bulo saboda iska da awaki. Kowace safiya a lokaci ɗaya a tsoma rula a karanta zurfin, a rubuta, a zubar. A lura rula da yawa ba daga bakinsu sifili ke farawa ba, sai a ƙara ɗan gibin. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Ke nan ruwan milimita 20 a kan rufin aji mai mita 7 da mita 9 lita 1,260 ne, kimanin jarka 50 mai lita 25, lissafin da 'yan aji biyar za su iya yi da kansu.

Sai yanzu zane. Kowace ƙungiya ta zana garinsu, da kududdufin bayan makaranta, rijiya, gona, bishiya da shanya a igiya, su sa kibiyoyin da kansu, teku kuma can ƙasan takarda wajen kudu. Wajen jarrabawa a guji "lissafa matakai huɗu na zagayen ruwa". A tambaya me ya sa murfin tukunyar tuwo ke ɗigar da ruwa in an ɗaga shi, me ya sa kududdufi ke ƙafewa a Disamba ba wanda ya kwashe shi, da me ya sa ake samun raɓa a kan ciyawa da asuba lokacin kaka alhali ba a yi ruwa da dare ba.