Daren da Aka Miƙa Mini Alli a Milton Keynes

Shekara 11 na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Funtuwa kafin ni da iyalina mu taso zuwa Ingila a ƙarshen 2023, kuma a tsawon waɗannan shekaru ban taɓa riƙe alli hannuna ya yi rawa ba, sai a wani dare na watan Fabrairun 2024, a ɗakin wasanni na unguwarmu da ke Milton Keynes. Yau an fi shekara biyu, amma babu makon da zai wuce abin bai faɗo mini a rai ba, musamman idan na taso daga aikin dare ina tsaye ina jiran bas cikin sanyin asuba.

Mun iso ne a daidai lokacin da ƙasar ta ɗauki zafi a kan wani yaro ɗan shekara 16, Luke Littler, wanda ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya ta jifa da ƙananan kibau, wasan da suke kira dats. Luke Humphries ya doke shi da ci 7 da 4 a ranar 3 ga Janairun 2024, amma sunan yaron ne ya cika bakin kowa. A katafaren siton da nake aikin ɗaura kaya, sai ga allon wasan an rataye a ɗakin hutu. Nakan ɗauki kibau uku in jefa idan babu mutane, kuma hannuna bai ba ni kunya ba, domin wanda ya tashi yana korar tsuntsaye da danƙo a gonar gero ya san saiti. Tsakiyar allon kawai nake nema, a zatona nan ne maki mafi yawa yake. Wani abokin aikina, Bature mai kirki da ya girme ni, ya ga ina soka kibiya a cibiyar allon, sai ya rubuta sunana a gasar sili-ɗaya-ƙwale ta mutum 32 da ake yi a unguwa. Na amsa ne don ɗakin ba mashaya ba ne, kuma don wannan ce gayyata ta farko da wani ɗan ƙasar ya yi mini tun zuwana.

An fitar da ni a zagayen farko, wannan bai dame ni ba. Sai dai al'adarsu a wurin ita ce wanda aka kayar shi zai tsaya gefen allo ya rubuta makin wasa na gaba. Abokin nawa ya ɗaga murya ya shaida wa jama'a cewa yau sun yi sa'a, malamin lissafi ne zai riƙe musu alli. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, domin rabon da wani ya kira ni malami tun a filin jirgin Kano.

Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 501 ana ɗebewa har ya kai sifili. Da farko su suke faɗin abin da suka ci ina rubutawa, komai yana tafiya daidai. Da wasa ya yi zafi sai suka daina faɗa. Allon a rabe yake gida-gida, kowane gida da lambarsa, da siraran zobba biyu da suka ratsa gidajen. Wani mutum da ya rage masa 263 ya jefa kibau uku: ɗaya a siririn zoben ciki na gidan 19, ɗaya a filin 19, ɗaya ta zame ta faɗa 7. Na ɗauka zoben ciki ninki biyu ne, na haɗa 38 da 19 da 7 ya ba ni 64, na rubuta saura 199. Ashe zoben waje ne ninki biyu, na ciki ninki uku ne, wato 57, jimla 83, saura 180. Mutumin ya dubi allon, ya dube ni, sannan ya tambayi ɗakin gaba ɗaya ko haka ake koyar da ƙidaya a inda na fito. Aka bushe da dariya. Wani ya zare allin daga hannuna ba tare da ya ce mini komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafina daidai yake. Idan aka ɗebe 64 daga 263, 199 ne zai rage, a Funtuwa da Landan duka. Dokar wasan ce ban sani ba, kuma babu wanda ya gaya mini ita, babu kuma wanda ya tsaya ya saurare ni da na buɗe baki zan yi bayani. Na ɗauki rigar sanyina na taka har gida da ƙafa, tafiyar kusan minti 40. Ban faɗa wa uwargida ba sai bayan wata uku.

Da haushin wannan dare na zauna na karanci wasan kamar mai shirin jarrabawa. Na gano cewa cibiyar da nake alfahari da ita maki 50 ce kawai, alhali zoben ciki na gidan 20 yana ba da 60, shi ya sa mafi girman abin da kibau uku za su ci shi ne 180. Na gano cewa ba a rufe turmi, wato kai 501 ɗin zuwa sifili, sai kibiyar ƙarshe ta faɗa zoben waje ko cibiya, kuma wanda ya zarce abin da ya rage masa jifansa ya tashi a banza. Tsakiyar allon tana da tsayin mita 1.73 daga ƙasa, mai jifa kuma yana tsayawa a nisan mita 2.37. A gasar duniya wanda ya riga cin turmi uku shi ke da zango, a zagayen farko ana neman zango uku, a wasan ƙarshe kuwa zango bakwai. Na haddace hanyoyin rufe turmi tun daga 170 har ƙasa, kamar yadda nake sa ɗaliban aji ɗaya su haddace jadawalin sau.

Amma abin da ya riƙe ni, wanda ban yi tsammani ba, shi ne yadda mutum yake samun gurbin shiga gasar. Hukumar ƙwararrun 'yan dats, PDC, ce ke shirya ta a kowane Disamba zuwa farkon Janairu a zauren Alexandra Palace da ke arewacin Landan, inda ta koma tun ƙarshen 2007. Daga gasar 2019 zuwa ta 2025 mutum 96 ne ke shiga, kuma manyan 32 ba sa buga zagayen farko, sai su jira a na biyu. A gasar 2026 aka faɗaɗa ta zuwa mutum 128, aka ce kowa ya fara daga zagayen farko, aka kuma ɗaga kyautar zakara daga fam 500,000 zuwa fam miliyan 1. Mutum 40 suna shiga ta babban jadawalin cancanta, wasu 40 ta jadawalin ƙananan gasannin ƙwararru da ake bugawa a tsawon shekara, mafi yawansu babu 'yan kallo, sauran 48 kuma ta wasannin share fage na ƙasashe da nahiyoyi, da na matasa, da na mata.

Babban jadawalin nan da kuɗi ake auna shi: abin da ɗan wasa ya ci a gasannin da ake ƙirgawa cikin shekara biyu da suka wuce. Kuɗin da ya cika shekara biyu sai ya fita daga lissafi, ko da kuwa na kofin duniya ne. Mutum 128 ne kaɗai ke riƙe da katin ƙwararru, wato izinin buga gasannin ƙwararrun hukumar. Wanda ya samu katin yana da shekara biyu, idan wa'adin ya cika bai shiga sahun 64 na farko ba sai katin ya suɓuce, ya koma layi tare da sababbin shiga. Wurin da ake bin wannan layi suna kiransa Q-School, ana yin sa a watan Janairu a wuri biyu, ɗaya a Kalkar ta Jamus, ɗayan kuma a nan Milton Keynes, kusa da filin ƙwallon garin, inda bas ɗina ke wucewa kullum. Ɗaruruwan mutane ne ke biyan kuɗin shiga su kwashe kwanaki suna jifa a kan 'yan katunan da ba su taka kara sun karya ba. Waɗanda suka yi zarra a kowace rana ta matakin ƙarshe suna karɓar kati kai tsaye, saura kuma sai an tara makinsu.

A Janairun 2025 abokin aikin nan nawa ya ɗauki hutu ya shiga, bai tsallake matakin farko ba. Da ya dawo ya ba ni labarin cewa a ɗaki ɗaya ya ga masu gyaran famfo da direbobi da kuma mutanen da a da yake kallo a talabijin, kowa da 'yar jakar kibansa, ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ina sauraronsa ina tunanin takarduna. Neman izinin koyarwa da na shigar ya tsaya saboda wasiƙa guda da wani ofishi a gida ya kasa aiko mini, ga bizar da muke zaune a kanta ita ma tana da ranar ƙarewa. A wani lokaci nakan ga adalci a tsarin nasu, tunda ba a tambayar ɗan wane ne kai, kuma shi kansa Littler ta gasannin matasa ya samu gurbinsa na farko, ba shi da katin ƙwararru a lokacin. A wani lokaci kuma nakan ga rashin tausayinsa, domin a wurinmu wanda ya taɓa zama malami har ya mutu malam ne, ko da ya shekara 20 bai shiga aji ba, kuma yaran da na koyar suna durƙusawa su gaishe ni a kasuwa. A nan abin da ka yi a shekara biyun nan kawai ake dubawa.

Ban taɓa zuwa Alexandra Palace ba, kuma ba na jin zan je. Zauren cike yake da giya da ihu da mutane sanye da kayan ban dariya, ga kamfanin caca ne ke ɗaukar nauyin gasar, wannan kuwa ba wurin zamana ba ne. A falo nake kallo, na rage murya. Haka na kalli Littler ya doke Michael van Gerwen da ci 7 da 3 a Janairun 2025, ya zama zakaran duniya mafi ƙarancin shekaru yana ɗan 17.

Ranar da na kasa zama a kujera ita ce wata rana a Disamban 2025. David Munyua, likitan dabbobi daga Kenya, wanda ya samu gurbi ta wasan share fage na Afirka, ya hau dandamali ya kara da Mike De Decker na Beljiyam, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan da ke saman jadawalin. An ci shi zango biyu na farko, saura ɗaya a sallame shi, sai ya farfaɗo ya cinye uku a jere. Shi ne ɗan Kenya na farko da ya buga gasar. An fitar da shi a zagaye na biyu, amma wannan bai rage komai ba a wurina. Ina tsaye a gaban talabijin ina faɗin abin da ya rage masa kafin a nuna a allo, ban kuskure ko sau ɗaya ba, har uwargida ta leƙo daga kicin ta tambaye ni ko lafiya. Na so a ce mutumin nan na ɗakin wasanni yana kusa. Ban san sunansa ba, ban kuma sake ganinsa ba, domin ban ƙara taka ɗakin ba.

A daren na kira Baba. Mahaifina maharbi ne a ƙuruciyarsa, kwarinsa da bakansa har yanzu suna rataye a zaure, tsirkiyar ta bushe. Na yi masa bayanin wasan da nisan allon, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko abin da ake harbi yana motsi. Na ce a'a, Baba, a bango yake. Ya ce to wahalar ba a ido take ba, a zuciya take, domin shi ma ranar da ya fi kuskure ita ce ranar da mutanen gari suka taru suna kallonsa. Na kusa ba shi labarin allin, sai na fasa. A saninsa ina koyarwa a wata makaranta a Ingila, haka Yaya ya gaya masa tun farko, ni kuma ban taɓa gyara maganar ba.

Idanunsa sun yi yana, duka biyun. Yaya ya ce ba ya gane mai shigowa zaure sai ya yi sallama, kuma ya daina fita sallar asuba shi kaɗai, jikansa ne ke riƙe masa hannu. An yi masa aiki a ido ɗaya bayan sallar layya da kuɗin da na tara daga ƙarin awoyin dare, ɗayan yana jira. Inna kuwa duk kiran da zan yi tambayarta ɗaya ce, wace shekara za mu zo ta ga yaran, ni kuma nakan ce mata in sha Allahu, don ba ni da ranar da zan faɗa.

Na sayi allo na rataye a bayan ƙofar ɗakin yara. Babban ɗana, mai shekara 9, ya riga ya fi ni saurin ɗebewa daga 501, sai dai da Turanci yake yi. Na kafa masa doka cewa duk jifan da ya yi sai ya faɗi sauran da Hausa kafin ya zare kibau, yakan tsaya ya yi ta lalube tsakanin tamanin da tis'in. Ranar Juma'ar da ta wuce na kira gida ta bidiyo, Yaya ya riƙe wa Baba wayar kusa da idon da aka gyara, yaron ya jefa uku, ya juyo ya ce saura ɗari da tamanin. Baba ya ce a matso da wayar, yana so ya ga yadda yaron yake tsayawa.