Fina-finan da na tsinta a hanyar Damagaram zuwa Yamai

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga Nijar, kuma duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai na tsare shi da hirar fim, har mai ɗakina ta ce ko dai an yi mini turare da wani abu ne a can. Ɗaurin auren ɗan aminina ne ya kai ni Damagaram, na tashi daga Kano ta Daura, muka tsallaka iyaka a Kongolam, muka bi ta Matamaye. Abin da ya ɓata mini rai a hanya bai wuce wani jami'i ba, a wani shinge bayan iyaka, wanda ya karɓi katina ya jefa a aljihu ya ci gaba da shan shayinsa, kamar ba mutum ne a tsaye gabansa cikin rana ba. Sai da direba ya raɗa mini cewa in ba da jika guda, wato sefa dubu. Ni kuwa lissafin sefa bai zauna mini ba tukuna, domin su da dala suke ƙirga, abin da aka rubuta ɗari a jiki sai su ce dala ashirin, ga shi nairar da na canja ta narke a hannuna kamar ƙanƙara.

An sauke ni a gidan wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda kowa a unguwar yake kira Mushe, wato Monsieur na Faransanci. Bayan sallar isha'i, muna cin kilishi, sai na shiga bugun ƙirji irin namu na Kanawa, ina cewa ai duk ƙasar nan fina-finanmu suke kallo, tun daga Turmin Danya a 1990 mu ne a gaba. Bai yi mini gardama ba. Murmushi ya yi ya ce, "Ɗana, ka san Oumarou Ganda?" Na ce, "Baba, ban taɓa jin sunan ba." Sai ya aiki jikansa ya ɗauko kwamfuta.

Daren nan ban yi barci ba sai wajen ƙarfe biyu. Ganda mutumin Yamai ne, an haife shi a 1935, ya yi wa Faransa soja a yaƙin Indocin, wato yankin su Vietnam, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abidjan, inda wani Bafaranshe mai shirya fim, Jean Rouch, ya sa shi a fim. Daga baya ya kama kyamara da kansa. Fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 1969, labarin tsohon soja ne da ya dawo gida da kuɗin sallama, abokai da maroƙa suka taya shi cinyewa suka watse. Babu waƙa, babu rawa, hoton ma baƙi da fari ne, amma na gane kowane mutum a ciki, domin akwai irinsu a layinmu. Wanda ya fi kama ni shi ne Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya ɗora ido a kan yarinyar da take da saurayinta, ya aure ta a matsayin ta uku, kishi ya kai ga zubar da jini a gidan. Zabarmanci ake yi a ciki, Mushe yana fassara mini. Wannan fim shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, wato kyautar da dukan masu shirya fim na Afirka suke hanƙoro, shekara goma sha takwas kafin a ɗauki fim ɗin da nake taƙama da shi. Maganar kishiya da muka shekara talatin muna juyawa a Kano, shi ya gama da ita cikin abin da bai kai awa guda ba, kuma bai ji tsoron taɓa mai rawani ba.

Washegari na je kasuwa wurin samarin da suke tura fina-finai a waya, ina neman kofi na kaina. Shago uku na shiga. Akwai duk wani fim mai dogon zango na Kano, akwai fassarar Indiya iya ganinka, amma da na ambaci Ganda sai wani yaro ya tambaye ni ko sabon mawaƙi ne. Na tambayi Zin'naariyâ na Rahmatou Keïta, wanda ya fito a 2016, labarin 'yar gidan sarautar Damagaram, shi ne kuma fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar, babu. Na tambayi na Aïcha Macky, haifaffiyar garin, wadda ta yi fim a kan matasan unguwar Kara-Kara, ta kuma yi wani a kan matan da ba su samu haihuwa ba. Yaron ya san sunanta, amma ba shi da ko ɗaya. Ban ga laifinsu ba, don abin da ake saya shi suke ajiyewa. Mu ma Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, sai da Jamusawa suka gyara shi aka nuna a Berlin a 2018, kuma har yau ban haɗu da mai shago a Kano da yake da shi ba.

Mushe ya ƙi karɓar ko dala daga hannuna, ya cika mini filashi da fina-finan, ya haɗa ni da ƙanensa a Yamai. Motocin safa na can sun burge ni, suna tashi a kan lokaci ko sun cika ko ba su cika ba, abin da ba mu saba da shi a tasha ba. A cikin motar na kalli Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, na 1966, inda wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Na yi ta dariya har na kusa da ni ya leƙo, muka raba abin sauraro kunne ɗaya ɗaya. A kusa da Birnin Konni aka nuna mini yankin da Rouch ya rasu a haɗarin mota a 2004.

Kwana biyu kawai na yi a Yamai. Na ga cibiyar al'adu mai sunan Ganda, na ci kifin kogin Kwara da tsada, na sha zafin rana. Na dawo ta Maraɗi da Jibiya, filashin yana aljihun gaban rigata. Na riga na gaya wa 'yan majalisarmu su zo ranar Juma'a bayan magariba, da Cabascabo za mu fara.