Ulu da Sarakunan da Suka So Su Kulle Shi

A watan Satumba na 2015 an tsinci wani rago yana gararamba a daji kusa da Kanbera, babban birnin Ostireliya. Ya yi shekaru bai ga almakashi ba, gashi ya lulluɓe shi har ido, da kyar yake ɗaga ƙafa. Aka sa masa suna Chris, aka sausaye shi, aka ɗora gashin a sikeli: kilo 41. Masu kula da shi sun yi fargabar da an bar shi ya shiga zafi da wannan kaya, da wuya ya kai labari.

Tunkiyar daji ba ta shiga irin wannan hali. Gashinta na sama kaushi ne, na ƙasa mai laushin kuwa ɗan kaɗan ne, kuma da sanyi ya wuce sai ya zube da kansa. Mutane sun fara kiwon tumaki a yankin Gabas ta Tsakiya sama da shekara 10,000 da suka wuce, don nama da fata da nono. Daga baya ne makiyaya suka riƙa ware masu gashi mai laushi suna haɗa su barbara, ƙarni bayan ƙarni, har aka samu tunkiyar da gashinta ba ya tsayawa da girma. A da can ma ba aski ake yi ba, da hannu ake figewa lokacin da gashin ya fara saki. Almakashi sai da ƙarfe ya yawaita.

Ni ma'abociyar kwarashi ce, kuma abin da ya fara ja na ga wannan tarihi shi ne bambancin da hannuna ke ji tsakanin zare da zare. Idan kina shakkar ƙunshin da ke gabanki, tsinko ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana. Na tunkiya na gaske ba ya son kamawa da wuta, yana ƙauri irin na gashi, ya bar toka baƙa da za ki murje ta zama gari. Na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ɗan tsakuwa mai tauri. Silin ulu a lanƙwashe yake, shi ya sa yake riƙe iska ya tsare ɗumi, kuma yana iya shan danshi kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba ki ji ya jiƙe ba. A jikinsa akwai 'yan ɓawo da ido ba ya gani, su ne ke sarƙewa idan an cuɗa shi a ruwan zafi. Wannan sarƙewar da ke tsuke rigar sanyi ita ce makiyayan Mongoliya ke amfani da ita da gangan, su yi bargo mai kauri ba tare da saƙa ba, su rufe tantunansu.

Wajen shekara 1,900 kafin haihuwar Annabi Isa, fataken birnin Ashur, a Iraki ta yau, suna ɗora wa jakai kuza da yadin ulu, su yi tafiyar makonni zuwa Kanesh a tsakiyar Turkiyya, su dawo da azurfa. An tono allunan yumɓu sama da 20,000 a can, galibi wasiƙu da lissafi. Wasu daga matan da aka bari a gida suna saƙa ne. Ina son wata mai suna Lamassi. Mijinta ya dame ta da ƙorafi a kan yadinta, yau ya ce ya yi ƙanana, gobe ya ce ba shi da kyau, ita kuma ta mayar masa da martani cewa daidai ƙoƙarinta take yi don kuɗi su shigo gidansa. Duk wadda ta taɓa saƙa wa wani abu ya yamutsa fuska ta san abin da ke ran matar nan.

Inda labarin ya fi ba ni mamaki shi ne Ingila. A ƙarni na 13 da na 14 ulu ne babban abin da ƙasar ke fitarwa. Gidajen 'yan zuhudu irin su Fountains da Rievaulx suna da garken dubbai, ana kai gashin Bruges da Ghent da Ypres a Beljiyam ta yau, ko Fulorens a Italiya, can ake saƙa shi a rina. Da aka kama Sarki Richard na Ɗaya a hanyarsa ta komawa gida, aka nemi fansa a 1193, 'yan zuhudun ɗariƙar Cistercian, masu irin waɗannan gidaje, ulun shekara guda suka bayar. Edward na Uku da harajin ulu ya riƙa ciyar da yaƙinsa da Faransa. Har gobe shugaban majalisar dattawan Birtaniya a kan wani ƙaton jan matashi da ake cika da ulu yake zama, wai don a tuna tushen arziki. Abin dariya, da aka farke shi a 1938 sai aka tarar gashin doki ne a ciki.

Su wa suka ci moriyar? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Fulorens masu wanke ulu da taje shi, da ake kira Ciompi, ba su da ƙungiya ba su da bakin magana, har suka yi bore a 1378, suka shiga gwamnati na ɗan lokaci kafin a murƙushe su. A Ingila masu ƙasa suka ga tunkiya ta fi ɗan haya riba, suka killace gonaki suka kori mutane, abin da ya sa marubucin Ingila Thomas More ya rubuta a 1516 cewa tumaki sun koma cin mutane. A tsaunukan Sikotilan an maimaita haka daga ƙarshen ƙarni na 18, aka tashi ƙauyuka sukutum, wasu aka ƙone musu rufin ɗaki, jama'a suka hau jiragen ruwa zuwa Kanada.

Da Ingila ta koyi saƙa yadinta, sai ta shiga gina katanga. Daga 1660 aka hana fitar da ɗanyen ulu, nan da nan 'yan fasa-ƙwauri suka buɗe hanyar dare ta gaɓar Kent zuwa Faransa. A 1666 aka yi doka, aka ƙara mata ƙarfi a 1678, cewa ba a binne gawa sai da likkafanin ulu. Dangi su yi rantsuwa cikin kwana 8 cewa sun bi doka, in ba haka ba tarar fam 5. Masu hali sai su biya tarar su naɗe mamacinsu a lilin ko siliki. Sannan a 1700 da 1721 aka sa wa yadin audugar Indiya takunkumi saboda mata sun raja'a a kansa. Me ya biyo baya? 'Yan ƙasar suka koyi sarrafa audugar da kansu, aka ƙirƙiro injinan kaɗi, kafin a yi nisa a ƙarni na 19 auduga ta sha gaban ulu a cikin Ingilar kanta.

Sifaniya ta fi tsanani, domin ita ke da merino, tunkiya mai gashi mafi laushi. A 1273 Sarki Alfonso na Goma ya ba ƙungiyar makiyaya ta Mesta gata, da burtali mai faɗi da ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu, manomi ba shi da ikon tare shi. Fitar da merino da rai laifi ne da ke iya kai mutum ga kisa. Amma sarakunan da suka kafa dokar su suka fara huda ta ta hanyar aika tumakin ga 'yan'uwansu masu sarauta: garke ya tafi Saksoni a Jamus a 1765, wani ya tafi Rambouillet a Faransa a 1786. Da sojojin Napoleon suka shiga ƙasar a 1808 komai ya watse, ƙaramin jakadan Amurka a Lisbon, William Jarvis, ya yi ta loda dubbai a jirgi zuwa gida. An rushe Mesta a 1836.

'Yan tsirarun merino da suka isa Sidni a 1797 daga Afirka ta Kudu su ne mafarin abin da ya mayar da Ostireliya uwar ulun duniya, a kan filayen da aka ƙwace wa 'yan asalin ƙasar. Zuwa 1970 tana da tumaki miliyan 180. Kuma ba ta ɗauki darasi ba. A 1929 ita ma ta hana fitar da ragunan merino. A shekarun 1970 aka kafa tsarin da hukuma ke saye duk ulun da farashinsa ya faɗi ƙasa da wani mizani. A ƙarshen shekarun 1980 aka ɗaga mizanin sama sosai, makiyaya suka ƙara garke, masu saye suka juya wa kasuwa baya suka koma zaren roba. Da tsarin ya rushe a 1991, dila miliyan 4.7 ne jibge a rumbuna, ga bashi, aka biya makiyaya suka harbe miliyoyin tumaki aka binne a ramuka. Sai a 2001 aka sayar da dilar ƙarshe.

A ganina dukkansu kuskure ɗaya suka yi: sun ɗauka mai saye ba shi da wata mafita. Yau ulu bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na zaren da duniya ke samarwa ba, foliyesta ya haura rabi. Mafi yawan na Ostireliya masana'antun Sin ke saye su wanke su kaɗa. Merino mai laushi sosai har yanzu yana da daraja wajen masu ɗinka kwat a Italiya, amma mai kaushi ya faɗi warwas. A Birtaniya, musamman a 2020, makiyaya da yawa sun ce kuɗin da suke biyan mai aski ya fi abin da gashin ke kawowa, har wasu suka zuba shi a taki ko suka cinna masa wuta. Askin kuwa ba fashi, ko akwai kasuwa ko babu, kowace shekara sai an yi shi saboda lafiyar dabbar.